Akuyar da Baba Ya Yanka da Hannunsa

Shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta, ni aka ba aji ɗaya a makarantar ƙauyenmu, wanda ba shi da nisa da Manchok. Ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, ina ji da takardar shaidata kamar ni kaɗai aka taɓa ba irinta. Makarantar ta mishan ce a da, tana jingine da majami'a, kuma ko bayan gwamnati ta karɓe ta, da waƙar sujada muke buɗe asembili. Yara suka yi mana yawa har bencin mutum uku ya koma na biyar. Ƙararrawarmu guntun ƙarfen hanyar jirgi ce, wani ya ɗauko daga Kafanchan aka rataye a reshen mangwaro.

A hayin rafi akwai rugar Fulani. Tun ban san kaina ba suke nan. In an yanke dawa sukan kawo shanu su kwana a gonakinmu su bar mana taki, matansu kuma su kawo nono su karɓi acca. Muna gaisawa, muna ciniki, amma ba na jin akwai ɗan ƙauyenmu da ya taɓa zama ya ci wani abu a rugar, kuma ba wanda ya ga abin mamaki a ciki. Hedimasta ya ce in je in rubuto yaransu, tunda ni ce 'yar gari a cikin malamai. Sau huɗu na ƙetare rafin nan. Ardo, shugaban rugar, dogon mutum ne mai magana a hankali, ya bar ni in yi ta zuba bayani yana gyaɗa kai. A zuwa na huɗu ya ce, "Malama, kin sha tafiya. Ga biyu, ki gwada." Ya ba ni 'yarsa da ƙanenta.

Yarinyar za ta kai shekara goma, ta fi kowa tsawo a ajin. Mako uku ba ta buɗe baki ba, har na soma cewa a raina na wahalar da ƙafata a banza. Ran nan na zo wucewa na ga allonta cike da baƙaƙe, daga na farko har na ƙarshe, babu kuskure ko ɗaya, alhali sauran suna fama da na biyar. Kafin wata biyu ta soma haɗa kalmomi. Ba zan ɓoye ba, na ɗora mata buri, kuma rabin burin nawa ne. A zuciyata na riga na tsayar da ita gaban sufeto tana karatu, ni ina gefe ina yin kamar ba komai ba ne.

Kullum da ƙoƙonta take zuwa, fura da nono a ciki, an rufe da ƙaramin faifai. Takan ajiye shi a bakin taga. In an tashi tara ta ɗauka, su koma gindin mangwaro ita da ƙanenta, nesa kaɗan da sauran yara, su sha da ludayi ɗaya.

A daminar shekarar shanun rugar sun shiga gonar accar wana sun yi ɓarna. Dattawa suka zauna suka kashe maganar, amma a gidanmu ba ta mutu ba. Kusan kowace yamma in an zauna cin tuwo sai wana ya tayar da ita. Ya ce mutanen nan ba su ɗauke mu mutane ba, ko ruwanmu ba sa sha, ƙyamarmu suke yi saboda muna kiwon alade. Wata rana matarsa ta ce ai da wani zai ɗanɗana musu sau ɗaya, da sun daina ɗaga mana hanci. Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, kuma ina jin tawa ta fi ta kowa ƙara. Ɗan wana yana zaune a wurin da kwanonsa, ɗan aji shida ne, shekararsa goma sha uku.

Ranar Lahadin godiyar kaka wana ya yanka alade. A wurinmu kunne da wutsiya rabon yara maza ne. Kuma da yake aladu sake suke yawo bayan girbi, kowane gida yana da shaidar da yake yi wa nasa a kunne tun suna ƙanana. Tamu tsaga biyu ce a gefe, da huji ɗaya a tsakiya.

Washegari Litinin, an tashi tara, ina cikin aji ina duba alluna, sai na ji kukan ƙanen yarinyar. Na fito na tarar yara sun yi da'ira. Ita tana durƙushe, ta zura yatsu a maƙogwaro tana ƙoƙarin amai, ba kuka take yi ba. Ƙoƙon ya kife, sauran nonon ya malale a ƙasa, a cikinsa ga kunnen alade babbakakke. Ta sha fiye da rabi kafin ludayi ya taɓo shi. Wasu yaran suna dariya, wasu sun yi tsuru-tsuru. Na sunkuya na duba, na ga tsaga biyu da huji.

Abin da na yi daga nan ban taɓa faɗa wa kowa ba sai mutum ɗaya. Na tsinki ganyen mangwaro, na ɗauke kunnen, na zaga bayan aji na jefa shi a masai. Ban tsaya tunani ba. Sai da na dawo na ɗaga murya, na riƙe ƙugu, na ce, "Wa ya yi wannan?" Na yi tambayar har sau uku, da fushi sosai, ina sane da amsar. Kafin in gama wannan wasan yarinyar ta wanke baki a randa, ta kama hannun ƙanenta, suka nufi rafi. Ƙoƙon a nan ta bar shi.

Hedimastanmu mutumin wajen Kachia ne, yana da babur da tabarau, kuma abin da ya fi tsoro a duniya shi ne takarda daga ofis. Ya kira ni ya rufe ƙofa.

"Malama, kar maganan nan ya kai Kafanchan. In ya kai, kweri za su ba mu, takardar tuhuma, ni da ke. Za mu yi disiplin a nan, shi ke nan ya ƙare. Kin ga wanda ya yi?"

Na ce ban gani ba, wanda kuma gaskiya ce in aka bi ta da ƙarfi.

Ya sa aka buga ƙarfe, ya jera 'yan aji biyar da shida maza, ya ba kowa bulala shida. Ya ɗora da wa'azin ƙaunar maƙwabci mai tsawo, har ƙananan suka soma gyangyaɗi a tsaye. Ɗan wana ya karɓi nasa shidan cikin layi kamar kowa, bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba. Hedimasta ya goge zufa ya ce an yi hukunci. Yara kusan talatin da ba su san hawa ba suka koma gida da tabo, ba a kuma aika kowa rugar ba.

Talata yaran rugar ba su zo ba, Laraba ma haka. Daga hayin rafi ba ƙara, ba saƙo, ba ko harara. Hedimasta ya ɗauki shirun nan a matsayin an huce. Ni na san ba haka ba ne, domin tun Talata ba wata mai nono da ta shigo ƙauye. Ran Alhamis Mama ta dawo daga ɗiban ruwa ta ce ta hango matan rugar suna wanke manyan ƙore suna ɗaure su cikin raga. Duk wanda ya girma kusa da ruga ya san me wannan ke nufi. Tashi za su yi, kuma in suka tashi, karatun yarinyar nan ya tafi ke nan.

Da yammar ranar na sami Baba yana gyaran ƙotar fartanya a bakin rumbu. Baba dattijon ikilisiya ne. Bai iya karatu ba, amma ba ya zuwa sujada sai da littafin waƙoƙi a hannu. Na gaya masa komai da yarenmu, har da dariyar wurin tuwo. Bai daina aikinsa ba sai da na kai aya.

"Ina kunnen?"

"Na jefa a masai."

"To, ke ma hannunki yana ciki."

Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan, kuma da bulala ce da ta fi sauƙi. Ya sa aka kira wana da ɗansa. Yaron bai yi gardama ba. Ya ce shi ne, ya shiga ajinmu lokacin asembili ya sa. Da aka tambaye shi dalili, sai ya ɗago ya dubi ubansa ya ce, "Ai ku kuka ce." Wana ya ɗaga hannu zai kai masa mari, Baba ya ce ya sauke, ba yaron ne ya fara ba.

A al'adarmu, in gida ya yi wa gida laifin da ya wuce a ce yi haƙuri, babban gidan masu laifi ne yake yanka akuya da hannunsa. Ba a aike, ba a wakilta, domin hannun nan shi ne shaidar cewa gidan ya ɗauki laifin a kansa. Sai a dafa, a ɗauka har ƙofar wanda aka ɓata wa, a ci a akushi ɗaya gaban shaidu. In ya sa hannu, magana ta mutu har jikoki. In ya ƙi, to gaba ya zaɓa, kuma kowa ya gani. Baba ya bar abubuwan gargajiya da yawa da ya shiga bin Ubangiji, amma wannan bai bari ba, fasto ma bai taɓa cewa a bari ba.

Abin da har yau yake ba ni haushi shi ne, kowa a ƙauyen ya san Musulmi ba ya cin yankanmu. Duk Kirsimeti mahauci muke kira daga Manchok ya yanka mana, don a kai wa maƙwabta su iya ci. Amma wancan naman biki ne. Wannan kuwa akuyar sulhu ce, ita hannun mai gida aka sani, kuma ba a taɓa kai ta wa wanda ba namu ba. Ba wanda ya haɗa biyun a kansa. Fasto bai haɗa ba, hedimasta da tabaransa bai haɗa ba, ni mai takardar shaida ma ban haɗa ba. Ni ce ma na daka yajin.

Asabar da safe Baba ya kayar da akuyar da yake tanadi don Kirsimeti, wadda ta fi kowace ƙiba. Da hantsi muka kama hanya: Baba a gaba, fasto da hedimasta, wana, sai yaron ɗauke da tukunya a ka, ni a baya da akushi. Samarin ƙauye da ba a gayyata ba suka biyo mu, wai rakiya. Da muka hau tudun rugar na ga an riga an kwance rufin bukka biyu.

Ardo ya tarye mu kamar ba abin da ya faru. Ya sa aka shimfiɗa tabarmi a inuwar ɗorawa, aka yi ta gaisuwa, lafiyar shanu, lafiyar gona, lafiyar yara, har na ƙosa. Samarinsu suna tsaye can gefe, kowa ya rataya sandarsa a kafaɗa. Sannan Baba ya cire hula ya yi magana da Hausarsa.

"Ardo, abun da ya faru a makaranta, yaro na gidana ne ya yi. Ga shi nan. Ba na wani ba ne, nawa ne. Yarinya naka bai yi mana komai ba. Magana mara kyau ne yaro ya ji a bakin manya, ya ɗauka ya yi aiki da shi. Mun zo mu roƙi gafara."

Ardo ya ce, "Madalla, dattijo. Allah ya bar zumunci."

Na ajiye akushi a tsakiya, aka buɗe tukunya, aka juye. Ƙamshi ya tashi. Baba ya wanke hannu ya miƙa wa Ardo ruwan. Ardo bai karɓa ba tukuna. Ya dubi naman ya yi tambaya a hankali, kamar mai neman a ba shi hanya.

"Wa ya yanka, dattijo?"

Baba ya ɗaga hannun dama sama, da alfahari, don shaidu su gani. "Ni. Da hannu nawa."

A nan ne abin ya faɗo mini. Mun zo ba da haƙuri a kan an ciyar da 'yar mutum abin da addininsu ya hana, muka kawo masa wani a akushi, muka kuma tara jama'a su ga ko zai ci. Ardo ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Ba zai ci ba, kuma kunya irin tasu ba za ta bar shi ya ce wa dattijo yankanka bai halatta gare ni ba. Baba yana riƙe da ƙwaryar ruwa, hannunsa a miƙe, yana jira.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka a haka ba. Na ji wani saurayi a bayana ya ce da yarenmu, "Ya ƙi." Maganar ta zagaya. Wana ya miƙe tsaye ya ce, "Kun gani ko? Abin da nake faɗa muku ke nan." Samarin rugar ba su ji yaren ba, amma sun ji muryar, sanduna suka sauko daga kafaɗu. Hedimasta ya cire tabarau ya shiga gogewa da bakin riga. Fasto ya rufe ido, ina jin addu'a ya soma.

Mace ba ta magana a zaman sulhu, ballantana wadda ba ta yi aure ba. Amma ni tun ina ƙarama bakina ba ya jiran izini. Na durƙusa kusa da Baba na ce masa da yarenmu, yadda na bayansa ma za su ji, "Baba, ba ƙi ya yi ba. Ba zai iya ba. Ka tuna mahaucin Kirsimeti."

Baba ya dubi akushin ya daɗe. A rayuwata ban taɓa ganin kunya a fuskarsa ba sai ran nan, kuma na ji tausayinsa har cikin raina. Ya ajiye ruwan. Ya juya ya ce wa wana ya zauna, da murya wadda ta sa har samarin baya suka nemi wuri. Sannan ya fuskanci Ardo.

"Laifi ya zama biyu ke nan. Na farko na yaro, wannan nawa. Mu haka muka sani. Kai ka faɗa, ku yaya kuke yi?"

Ardo ya yi wata magana da Fillanci ta kafaɗa. Matarsa ta fito da babbar ƙwarya cike da kindirmo, da ludayi guda ɗaya. Ya ɗiba ya sha, ya miƙa wa Baba. Baba ya sha. Ardo ya karɓi ludayin daga hannunsa, bai ɗauraye ba, bai ko goge ba, ya sake ɗiba ya kai baki. Na saci kallon wana, mai cewa ko ruwanmu ba sa sha. Idonsa yana kan ludayin.

Daga nan Ardo ya yafito yaron. Ya zo ya karɓi ludayin, rabin nonon ya zube masa a riga kafin ya kai baki. Ardo ya jira ya gama, ya karɓa, ya sha a bayansa shi ma. Ya ce, "Yaro ne. Ya wuce." Ludayin ya zagaya kan fasto da hedimasta da wana, har ni aka ba. Naman kuwa muka mayar da shi tukunya muka dawo da shi gida. Samarin rakiya suka taya mu, ko ƙashi ba a bari ba.

Washegari bayan sujada fasto ya ce iyayen yara su tsaya. Aka daɗe ana magana. Aka yarda abincin duk wani yaro a riƙa ajiye shi a ofishin hedimasta har a tashi tara. Wata tsohuwa daga zumuntar mata ta ce wannan kulle ƙoƙo ne kawai, ba a kulle zuciya ba. Ita ta kawo shawarar da ta fi amfani, cewa kowane yaron ruga a ba shi gida a cikin ƙauye, inda zai sha ruwa, inda zai fake in hadari ya taso, kuma in wani ya taɓa shi, gidan nan ya taɓa. Baba ya ce gidanmu ne zai ɗauki 'ya'yan Ardo, kuma jikansa ne zai riƙa taryarsu a bakin rafi kowace safiya har ya gama aji shida. Ya ƙara da cewa duk wanda zai zagi maƙwabci a wurin cin tuwo, ya fara duba wa ke zaune da kwano. Wana ya sunkuyar da kai, matarsa ta shiga gyaran ɗankwali.

Tsarin ya yi aiki, ba zan rage masa ba. Aka mayar da rufin bukkoki, shanu suka sauko gonaki a kan lokaci, masu nono suka dawo. A shekarun da na yi a makarantar ba a sake taɓa yaron ruga ba, kuma yawansu ya yi ta ƙaruwa. Daga baya in baƙi suka zo daga ofis, hedimasta yakan ba su labarin tiryan-tiryan kamar shi ya tsara komai tun daga farko. Ban taɓa gyara masa ba, tunda ni ma akwai wurin da ba na so a tona.

Ran Litinin ɗan wana ya shigo makaranta da yara uku a bayansa, ƙanen yarinyar da wasu biyu sababbi. Ita ba ta cikinsu. Na ce wataƙila gobe. Talata ma ba ta zo ba. Laraba da aka tashi na ƙetare rafi ban ko biya gida ba.

Ardo ya ce, "Ban hana ta ba, Malama. Malaminmu ma ya gaya mata ba ta da laifi, tunda ba ta sani ba. Ga ta can, ki yi mata magana."

Uwarta ta raka ni, a hanya take gaya mini yarinyar ta ware ludayinta daban. Ba wanda ya sa ta. Ba ta yarda ƙannenta su sha a inda ta sa baki, kuma abinci sai an yi da gaske take taɓawa. Na same ta bayan bukka wurin turken maruƙa, tana zaune a kan dutse. Ta rame, wuyanta ya ƙara tsawo. Ta tashi ta gaishe ni da ladabi kamar kullum.

Na zauna na shiga jero mata abubuwan da aka yi. Na ce an hukunta yaron, manya sun shirya, yanzu abinci a ofis ake ajiyewa, gidanmu ya zama gidansu. Na ce mun kusa shiga littafi na biyu, kuma ba wanda zai iya shi kamarta. Ta saurara har na gama, tana wasa da igiyar ɗan maraƙi.

"Ranar Asabar ina cikin bukka," in ji ta. "Na ji duka."

Na ce to, ai ta ga an gama ke nan.

"Ba a kira ni ba."

Gaskiya ce. Dattawa sun sha, fasto ya sha, wanda ya yi laifin ya sha, ni da na ɓoye shaida na sha. Ita tana bayan zana, taku goma daga inda muke, ba wanda ya tuna da ita, har ni da na ce don ita na zo.

Sannan ta matso kusa, ta rage murya don kada uwarta ta ji.

"Malama, ku da kuke ci kullum, kun sani. Yana fita daga jikin mutum?"

Na ba ta amsa irin ta malamai. Na ce duk abin da mutum ya ci, kwana ɗaya ko biyu ya fita, haka aka koya mana a kwaleji, ballantana ita da ba ta ma tauna ba. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, har da nuna mata hanyar abinci a cikina da yatsa.

Ta ce, "To." Can kuma ta ce, "Ni dai ina jin shi har yanzu."

Ta raka ni har bakin rafi. Na ce ina jiran ta gobe, in ba gobe ba Litinin. Na cire takalmi na shiga ruwa, da na kai tsakiya na waiwaya, tana nan tsaye tana goge bakinta da gefen zane. Ba ta zo gobe ba, ba ta zo Litinin ba, ba ta kuma sake taka makaranta ba.